Hali Zanen Dutse Ne? Tambayoyi da Amsoshi kan Sauyin Hali, Zaman Tare da Kwanciyar Hankali

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da suka girma suka fara duban kansu da na kusa da su: mai shirin aure, matar da fushin miji ya isa, magidancin da ya waiga ya ga abokai sun ragu. Amsoshin sun dogara ne da binciken masana halayyar ɗan'adam, musamman irin wanda ake bin sawun mutane shekara da shekaru ana sake auna su. An sa wa tambayoyin lamba don sauƙin komawa.

1. Me masana ke nufi da hali, kuma ta yaya ake auna shi?

Hali shi ne yadda mutum ya saba ji, ya saba tunani, ya saba aikatawa a mafi yawan lokuta. Fushin rana ɗaya bai isa a kira mutum mafusaci ba, sai abin ya bi shi gida da kasuwa da wurin aiki. Yawancin masu bincike sun tattara halaye ƙarƙashin rukunai biyar: himma da tsari, sauƙin kai da son zaman lafiya, sakin jiki da jama'a, saurin shiga damuwa, sai kuma son sabon abu da sabon tunani. Amurkawa biyu, Paul Costa da Robert McCrae, suna cikin waɗanda suka fi yaɗa wannan tsari tun shekarun 1980.

Ana ba mutum jerin jimloli, irin su "ina gama aikin da na fara", ya zaɓi daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon yadda maganar ta dace da shi. Sau da yawa ana tambayar matarsa ko amininsa su ma su auna shi. Kowane rukuni ma'auni ne kamar tsawo: akwai dogaye, akwai gajeru, amma yawancin mutane suna tsakiya.

2. Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Bincike ya yarda da haka?

Ya yarda da rabi. Ba mu kaɗai muka yi wannan karin magana ba. A 1890 masanin Amurka William James ya rubuta cewa da mutum ya kai talatin halinsa ya daskare kamar yaɓen bango, kuma an daɗe ana riƙe da wannan. Abin da ya warware zancen shi ne gane cewa tambayar gida biyu ce. Ɗauki 'yan aji ɗaya da suka gama sakandare tare. Tambaya ta farko: wanda ya fi kowa zafin kai a ajin, shi ne har yanzu ya fi zafin kai bayan shekara ashirin? Ta biyu: ajin baki ɗaya sun huce ko suna nan yadda suke?

A kan ta farko, Brent Roberts da Wendy DelVecchio sun haɗa bincike 152 a shekarar 2000. A ma'aunin da sifiri ke nufin babu kama ko kaɗan, ɗaya kuma ke nufin babu sauyi, sun sami 0.31 a yarinta, 0.54 a shekarun jami'a, 0.64 a talatin, sai kusan 0.74 tsakanin hamsin da saba'in. Wato matsayin mutum a cikin tsararrakinsa yana ƙara zama da gindinsa yayin da yake girma, amma ko a saba'in bai kai ɗaya ba. A kan ta biyu kuwa, amsa ita ce ajin duka suna motsawa, kamar yadda amsa ta 3 ta bayyana.

Idan tazarar ta yi nisa, kamannin ma yana dusashewa. A Scotland, malamai sun auna halayen yara 'yan shekara 14 a 1950. A 2012 aka nemo 174 daga cikinsu suna da shekara 77, aka sake aunawa, sai aka ga alaƙar da ke tsakanin yaron da tsohon 'yar kaɗan ce ƙwarai. A ganina, a nan karin maganar ya fi cutar da mu: muna riƙe mutum da abin da ya yi yana ɗan ashirin har ya yi furfura, alhali mai laifin ya daɗe da zama wani mutum.

3. To, ta wace fuska mutane ke sauyawa?

Galibi ta fuskar natsuwa. A 2006 Roberts da abokan aikinsa sun haɗa sakamakon rukunonin mutane 92 da aka daɗe ana bi, suka ga himma da tsari na ƙaruwa, saurin damuwa na raguwa, mutum na ƙara samun ƙarfin gwiwar tsayawa a gaban jama'a. Sauƙin kai shi ma yana ƙaruwa, sai dai ya fi fitowa a shekarun manyanta. Sauyi mafi girma yana faruwa ne tsakanin ashirin da arba'in, ya zarce na lokacin balaga da ake yawan zato. A can ƙarshen rayuwa son sabon abu da son hayaniyar taro suna ja baya.

Wannan matsakaici ne na jama'a. Akwai wanda ke tafiya baya, akwai wanda bai gusa ba.

4. Hali gado ne ko tarbiyya?

Duka biyun. Binciken tagwaye, har da wanda Thomas Bouchard ya fara a Minnesota a 1979 kan tagwayen da aka raba tun suna jarirai, ya nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin mutane yana da alaƙa da gado. Sauran daga rayuwa ne, kuma mafi yawansa daga abin da mutum ya gamu da shi shi kaɗai: abokansa, aikinsa, jinyar da ya yi, wanda ya aura. Shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ke fitowa da halaye daban. Kuma kasancewar abu na gado ba ya hana shi motsi. Duba amsa ta 7.

5. Mene ne ainihin abin da ke sauya mutum?

Nauyin da aka ɗora masa, idan ya karɓa. Ka lura da saurayin da aka damƙa wa makullin shago a Kantin Kwari. Da sai hantsi yake tashi. Yanzu dole ya riga masu saye isowa, ya ƙirga yadi, ya rubuta bashi a littafi, ya haɗiye maganar mai ciniki da ya sa shi sauke atamfa goma bai sayi ko ɗaya ba, da yamma kuma ya yi wa maigida lissafi. Watan farko dole ce ke sa shi. Bayan shekara uku, ko ranar da ba kasuwa idonsa buɗewa yake da asuba, kuma rashin tsari a gida ya fara damunsa. Aikin da ya maimaita ya zama ɗabi'a, ɗabi'ar ta zama yadda yake ganin kansa.

Alƙaluma sun goyi bayan wannan. A Jamus akwai binciken da ke bin gidaje tun 1984. Jule Specht da abokan aikinta sun duba mutum 14,718 daga ciki a 2011, suka ga waɗanda suka kama aikin farko sun ƙara himma da tsari, waɗanda suka yi ritaya kuwa sun ɗan sassauta. Wiebke Bleidorn ta jagoranci wani a 2013 da ya shafi sama da mutum 880,000 a ƙasashe 62: inda matasa ke fara aiki da wuri, a nan natsuwa ke zuwa da wuri. Ba kowane nauyi ke tausasa mutum ba. Samarin Jamus da suka yi horon soja sun fito da ƙarancin sauƙin kai idan aka kwatanta su da waɗanda suka zaɓi hidimar farar hula, kuma bambancin yana nan bayan shekara biyar.

6. Ana cewa "a yi masa aure, zai natsu". Gaskiya ne?

Akwai ƙanshin gaskiya, amma ba yadda ake faɗa ba. Franz Neyer da Jens Asendorpf sun bi matasan Jamus 489 na shekara huɗu. Waɗanda suka shiga soyayya mai ɗorewa karon farko sun rage saurin damuwa da jin nauyin mutane, sun ƙara yarda da kansu. Amma ɗaurin auren kansa, da haihuwar ɗan fari, binciken da aka yi kansu ya sami sauyi kaɗan ne a manyan halaye, kuma ba kullum ta fuskar da ake fata ba.

Amsa ta 5 ta nuna dalili: nauyi yana gyara wanda ya rungume shi ne. Wanda aka ɗora wa ba ya so, sai ya sauke shi kan wani. Ina faɗin wannan da ƙarfi domin na ga inda aka aurar da yarinya ga mai shaye-shaye da sunan magani. Shaye-shaye ciwo ne mai neman jinya, kuma idan aka tsallake jinyar, amarya ce ke biyan kuɗin.

7. Na haura arba'in. Zan iya sauya halina da gangan?

Za ka iya, gwargwado. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga ɗakin masu ba da shawara da likitocin ƙwaƙwalwa. A 2017 aka haɗa bincike 207 na mutanen da suka yi irin wannan jinya, aka ga halinsu ya motsa cikin kimanin mako 24, musamman saurin damuwa, kuma sauyin bai gushe ba bayan an sallame su. A 2021 masu bincike a Suwizalan sun gwada wata manhajar waya a kan mutum 1,523 na wata uku. Kowa ya zaɓi halin da yake son gyarawa, manhajar tana ba shi ƙananan ayyuka. An sami sauyi, 'yan'uwa da abokai ma sun ɗan lura, kuma yana nan bayan wasu wata uku.

Sharaɗin shi ne aiki. Nathan Hudson da abokan aikinsa sun ba ɗalibai ayyukan mako-mako, suka ga waɗanda suka aikata ne kawai suka sauya, niyya ita kaɗai ba ta motsa komai ba. Don haka "zan daina fushi" ba shiri ba ne. Shiri shi ne: idan yaro ya zubar da shayi, zan fita ƙofar gida in yi numfashi goma kafin in buɗe baki. Ƙaramin abu, a wuri sananne, a maimaita shi har ya daina zama wahala.

Akwai kuma wani ruɗu da ke hana mu farawa. A 2013 Jordi Quoidbach, Daniel Gilbert da Timothy Wilson sun tambayi sama da mutum 19,000 'yan shekara 18 zuwa 68. A kowane mataki mutane sun yarda sun sauya sosai a shekara goman da suka wuce, amma suna zaton ba za su sauya sosai ba a goman da ke tafe. Ɗan talatin na ganin ya gama zama, ɗan hamsin ma haka.

8. Zan iya sauya halin mijina?

Duk nasarorin da ke amsa ta 7 na mutanen da suka zaɓi sauyin da kansu ne. Abin da ke hannunki shi ne yanayin zaman: ki nemi aiki guda takamaimai maimakon ki ce masa ya zama wani mutum, ki kuma yaba idan ya yi. Wannan shawara ce ta ƙananan halaye. Duka da barazana wani babi ne, magabata da hukuma ake kai wa.

9. Sai halinmu ya zo ɗaya aure zai yi daɗi?

A'a. Portia Dyrenforth da abokan aikinta sun duba sama da mutum 20,000 masu aure a Ostareliya, Birtaniya da Jamus a 2010. Kamannin hali tsakanin miji da mata bai bayyana ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na gamsuwarsu ba. Abin da ya fi tasiri shi ne halin kowannensu a karan kansa: natsuwa, sauƙin kai, riƙon alkawari. Wani tsohon bincike ya bi ma'aurata 300 a Amurka tun suna baiko a shekarun 1930 har zuwa 1980, ya gano saurin damuwa na miji ko na mata, da gazawar miji wajen kame kansa, su ne suka fi hasashen mutuwar aure.

Ko halin ma yana bayan yadda ake ji a cikin zaman. A 2020 Samantha Joel ta jagoranci haɗa bayanan sama da ma'aurata da masoya 11,000 daga bincike 43. A sahun gaba akwai yarda cewa abokin zama ya riƙe ka da gaske, da jin cewa ka yi dace da shi, da gamsuwar shimfiɗa, da yawan rikici. John Gottman, wanda ya daɗe yana ɗaukar ma'aurata a bidiyo suna gardama a Seattle, ya ce raini ne mafi muni: tsaki, harara, kwaikwayon murya. Wasu masana sun soki alƙaluman da ya bayar na hasashen saki, amma batun raini ya tsaya. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, saɓani ba ya kashe aure yadda wulaƙanci ke kashe shi.

10. Aure yana ƙara wa mutum jin daɗin rayuwa?

Richard Lucas da abokan aikinsa sun bi sama da mutum 24,000 a Jamus na shekara 15. Gamsuwa da rayuwa tana ɗan hawa kafin aure da bayansa, sannan a matsakaici ta koma inda take cikin kimanin shekara biyu. Matsakaicin yana ɓoye abu: wasu sun hau sun zauna a sama, wasu sun faɗi ƙasa da inda suka fara. Irin auren shi ne magana, kamar yadda amsa ta 9 ta nuna.

Rashi ya fi aure daɗewa a jiki. Waɗanda abokin zamansu ya rasu sun ɗauki shekara bakwai zuwa takwas kafin su kusanci inda suke da. Mu tuna da wannan idan mace ta fita takaba: wata huɗu da kwana goma sun cika, masu gaisuwa sun watse, ita kuwa a lokacin ne ɗakin ke yin shiru. Rasa aiki ma haka, da yawa ba su koma daidai ba ko bayan sun sami wani.

11. Ina yawan jin labarin binciken Harvard. Me ya gano?

An fara shi a 1938 da ɗaliban Jami'ar Harvard 268, cikinsu har da John F. Kennedy. Daga baya aka haɗa shi da yara maza 456 daga unguwannin talakawan Boston, jimla 724. Duk shekara biyu ana aika musu tambayoyi, ana karɓar takardun asibitinsu, ana zuwa har gida a yi hira da su da matansu, yanzu kuma 'ya'yansu ake bi. George Vaillant, wanda ya riƙe aikin fiye da shekara talatin, ya ga shan giya na kan gaba wajen rusa aure da lafiya. Shugabansa na yanzu, Robert Waldinger, ya bayyana cewa gamsuwar mutum da dangantakarsa yana ɗan hamsin ta fi yawan kitsen jininsa hasashen lafiyarsa a tamanin.

Mazan farar fata ne zalla aka fara da su, don haka shi kaɗai bai isa ba. Amma a 2010 Julianne Holt-Lunstad ta haɗa bincike 148 da suka ƙunshi mutum 308,849, ta ga masu ƙarfin dangantaka sun fi damar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bi su. Hanyoyin a fili suke: akwai mai tuna maka magani, akwai mai kai ka asibiti da dare, kuma jikin da ba ya kwana da fargaba ya fi hutawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici.

12. Abokaina sun ragu tun da na manyanta. Alamar matsala ce?

Yawanci ba ita ba ce. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa mutum na tace abokai ne idan ya ji lokaci ya rage. Ana tambayar mutane: kana da rabin awa, da wa za ka zauna, ɗan'uwa na jini, marubucin da ka karanta, ko wani sabon sani? Tsofaffi sukan zaɓi ɗan'uwa. Da aka ce wa matasa su ɗauka gobe za su ƙaura nesa, su ma ɗan'uwa suka zaɓa. Da aka ce wa tsofaffi su ɗauka likita ya ƙara musu shekara ashirin, sai zaɓinsu ya koma irin na matasa. A Hong Kong ma, gab da miƙa ta ga Sin a 1997, an ga matasa sun koma zaɓen ɗan'uwa kamar tsofaffi.

Ta kuma raba wa mutum 184 'yan shekara 18 zuwa 94 wata 'yar na'ura mai ƙara sau biyar a rana na mako guda. Da ta yi ƙara, mutum ya rubuta abin da yake ji a lokacin. Aka maimaita bayan shekara biyar, aka sake bayan goma. Natsuwar zuciya ta riƙa ƙaruwa da shekaru har cikin sittin. Abin dubawa shi ne ko akwai wanda za ka kira da tsakar dare. Idan babu, wannan kaɗaici ne, kuma amsa ta 11 ta nuna haɗarinsa. Zumunta a ƙafa take, gaisuwar WhatsApp ba ta maye gurbin zuwa dubiya.

13. Gaskiya ne jin daɗi yana faɗuwa a tsakiyar rayuwa?

A wasu ƙasashe. David Blanchflower da Andrew Oswald sun nuna gamsuwa da rayuwa na sauka daga ƙuruciya, ta kai ƙasa a ƙarshen shekarun arba'in, sannan ta sake hawa. Amma da Andrew Steptoe, Angus Deaton da Arthur Stone suka duba bayanan ƙasashe sama da 160 a 2015, sun ga wannan lanƙwasa ta fi fitowa a ƙasashe masu arziki da ke magana da Ingilishi. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai gamsuwa sauka take yi da tsufa. A Afirka kudu da Sahara ba ta cika sauyawa da shekaru ba.

Shi kuwa "rikicin tsakiyar rayuwa", Elliott Jaques ne ya raɗa sunan a 1965. Da aka tambayi Amurkawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka ce sun yi shi, kuma da yawa sun danganta shi da saki, rasa aiki ko ciwo.

14. Duk Turawa aka auna. Ya shafe mu?

Tambaya ce mai kyau. A 2008 Jeffrey Arnett ya ƙirga mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin, ya ga kashi 96 cikin ɗari daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke, waɗanda kashi 12 ne kacal na al'ummar duniya. Da aka kai rukunai biyar ɗin amsa ta 1 wurin mutanen Tsimane na Bolibiya a 2013, ba su fito yadda aka saba ba. A Afirka ta Kudu sai da aka gina ma'auni daga harsunan ƙasar goma sha ɗaya, kuma halayen zamantakewa suka ɗauki wuri mai faɗi.

Mu ma muna da namu ma'aunin. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazari kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kusan dukkansu sai da wani mutum a gabanka ake gane su. Kunya kuwa, wadda takardar Bature za ta iya lissafawa a matsayin rauni, a wurinmu ado ce. Don haka a ɗauki alƙaluman a matsayin na inda aka tara su. Abin da ya fi saurin tsallako iyaka shi ne yadda abin ke aiki: nauyi na gyara mai ɗaukarsa, maimaici na zama ɗabi'a, raini na lalata zama.

15. Yaushe sauyin hali ke zama alamar ciwo?

Duk sauyin da aka yi bayani a sama a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Idan dattijo mai kunya ya wayi gari yana zagi ko yana kwaɓe tufafi a gaban mutane, ko mai tsimi ya fara watsa kuɗi, ko uwa ta fara zargin 'ya'yanta da sata tana manta hanyar gida, a kai shi asibiti. Cutar mantuwa, musamman mai taɓa gaban ƙwaƙwalwa, takan fara da sauyin hali kafin mantuwar ta bayyana. Shanyewar ɓarin jiki, buguwa a kai, shan ƙwayoyi da ciwon damuwa duk suna kawo irin wannan. Haka mai jegon da ta daina barci, ta daina kula jaririnta, ko take maganar da ba kai.

A fara da babban asibiti mafi kusa, su za su tura mutum gaba idan da buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da kuma Maiduguri. A tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da maras lafiyar, domin likita zai tambayi ranar da abin ya fara da yadda yake kafin nan, a kuma ɗauki duk magungunan da yake sha a leda. Idan mutum ya ambaci kashe kansa, ko sauyin ya zo da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, a tafi a ranar, kada a jira gari ya waye.